Rancen Waya da Gidan Mai Bi

Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayu 2023, kuɗin mota da na hatsi suka tashi. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, amma bai kamo farashi ba. Shi ya sa waɗansunmu suka shiga rancen waya mai ruwa da yawa. In biya ya makara, a tona asirin mutum wurin danginsa.

Mu tuna da gwauruwar 2 Sarakuna 4, wadda mai bin bashi ya zo ɗaukar 'ya'yanta biyu. Elisha ya ce ta fara biyan bashin, sa'an nan su ci saura.

Kafin Kirsimeti, mu zauna da matanmu mu ware zakka, abinci da kuɗin makaranta. Anko ya jira.