Wa ya ce ƙwallo ta ƙi shiga?

Akwai wata jimla da ya kamata mu kore ta daga bakin masu sharhin ƙwallon kwando, mu kore ta daga fada, mu kore ta daga namu bakin: "ƙwallo ce ta ƙi shiga." Duk ranar da ƙungiyar wata jami'a ta sha kashi don jifarta ba ta faɗa kwando ba, kafin gumi ya bushe an fito da ita. Wani ya ce rashin sa'a ne, wani ya ce yau hannu ya yi sanyi. Can gefe kuma ga wasu da tasu jimlar, wadda ta fi wannan muni: "yaran ba su da zuciya." Ni a ganina jimlolin nan biyu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Dukansu dabara ce ta rufe magana ba tare da an kalli wasan ba. Ta farko tana wanke kowa, ta biyu tana zagin yara, kuma babu wadda ke koya wa ɗan wasa abin da zai gyara gobe.

Don kada a ce surutu nake, bari mu ɗauki wasa guda wanda lissafinsa ke rubuce, kowa na iya bincikawa. Ran 4 ga Afrilu 2011, a birnin Hiyuston na jihar Teksas, aka buga wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka. Jami'ar Butler, wata ƙaramar makaranta ta birnin Indiyanapolis, ta kara da jami'ar Konetikat, wadda aka fi sani da UConn. An tashi 53 da 41, UConn ta ɗauki kofi. Ƴan Butler sun yi jifa sau 64, guda 12 kaɗai suka shiga. Kashi 18,8 cikin ɗari ke nan, kuma ba a taɓa ganin jifa maras kyau kamar wannan a wasan ƙarshe na gasar ba. Matt Howard, ginshiƙin ƙungiyar, ya jefa 13 ya saka 1. Shelvin Mack, wanda ya fi kowa hannu a cikinsu, ya jefa 15 ya saka 4. In akwai daren da za a ce ƙwallo ta ƙi shiga, to wannan ne. Shi ya sa na zaɓe shi.

Mu fara da nahawu, tunda daga nan ɓarnar take farawa. A cikin "ƙwallo ta ƙi shiga", wane ne aikau? Ƙwallo. Wanda ya jefa ya ɓace daga jimlar, wanda ya tare shi ya ɓace, mai horarwar da ya tsara wasan ya ɓace. An bar wata dunƙulalliyar fata cike da iska, an ba ta ra'ayi, wai ta ƙi. Hausa na yin haka kullum kuma ba laifi ba ne: mota ta ƙi tashi, wuta ta ƙi kamawa, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Amma ku lura da abin da ɗan kabu-kabu ke yi in babur ɗinsa ya ƙi tashi da safe. Ba ya zama ya ce yau babu sa'a. Yana kwance buji ya duba, ya girgiza tanki ya ji ko da esansi, in abin ya faskara ya tura wajen bakanike. A wurinsa "ya ƙi" mafarin bincike ne. Mu kuwa masu kallon wasa mun mai da ita wurin da bincike ke mutuwa. Bakin kwando faɗinsa santimita 45 ne, tsayinsa daga ƙasa mita 3 da santimita 5, kuma haka yake a gefen Butler, haka yake a gefen UConn. Ruwa ba ya tsami banza.

To mu kwance bujin. Jifa 64 ɗin nan ba iri ɗaya ba ce. Guda 33 daga bayan layin maki uku aka yi su, wato daga nisan da ya wuce mita 6, kuma 9 sun shiga. Sauran 31 daga cikin layi aka yi su, kusa da kwando, inda ƙungiyar kirki kan saka kusan rabin abin da ta jefa. Nawa suka shiga? Uku. Ku sake karantawa: uku cikin 31. Ƙungiyar ta fi iya sakawa daga nesa a kan daga kusa, kuma da tazara mai yawa. In ka tara lissafin, maki 27 sun zo daga nesa, 6 daga kusa, 8 daga jifar kyauta da alƙali ke bayarwa in an yi wa mutum keta. Jimilla 41.

Wanga lissafi kaɗai ya isa ya rushe uzurin da ya fi yawo bayan wasan, wato filin. An buga wasan ne a wani makeken filin ƙwallon Amurka mai rufi, gaban mutum sama da dubu 70, kuma masu sharhi da yawa sun ce faɗin da ke bayan kwando yana ruɗa ido, mai jifa ya kasa auna nisa. Maganar ba shirme ba ce, tunda ita ma UConn ta jefa 11 daga nesa ta saka 1 tak. Amma in filin ne ya kashe Butler, ai jifar nesa ya kamata ta fi lalacewa. Wanda ke taku biyu daga kwando ba ya buƙatar auna komi. Ban da haka, kwana biyu kafin nan, a cikin wannan fili dai, ƙarƙashin waɗannan fitilu, Butler ta doke jami'ar VCU da 70 da 62, Mack shi kaɗai ya ci maki 24. Filin bai ƙara faɗi ba daga Asabar zuwa Litinin. Abokin karawa ne ya canza.

Abin da ya faru a ƙarƙashin kwando yana da suna, kuma yana da hannuwa. Ƴan UConn sun doke ƙwallo a sama sau 10 bayan ta bar hannun mai jifa; Alex Oriakhi shi kaɗai ya doke 4. Wanda ya taɓa buga wasan ya san cewa ɓarnar ƙwallon da aka doke ba ta tsayawa a kanta. In an mayar maka da ita a fuska sau ɗaya, karo na gaba sai ka yi sauri, ko ka ɗaga ta sama fiye da yadda hannunka ya saba, ko ka jefa kana ja da baya. Takardar lissafi za ta rubuta "ya jefa bai saka ba", alhali inuwar dogon hannun nan ce ta ɓata jifar. Kuma abin ya daɗa tsananta ne da tafiyar lokaci. Butler ce ke gaba da 22 da 19 lokacin hutun rabi, har ta kai 25 da 19 da aka dawo. Daga nan ƙafafu suka fara nauyi, ƴan UConn suka daɗa matsewa, maki suka ƙafe. Duk wanda ya ce "ƙwallo ta ƙi shiga" a nan ya sace wa ƴan UConn guminsu, ya miƙa wa sa'a.

Yanzu ga masu "ba zuciya". Waɗannan su ne ke zaune a inuwa da kofin shayi suna auna jarumtar wanda ke cikin rana. Ku dubi hanyar da yaran suka bi kafin su iso Hiyuston. Wasansu na farko sun ci Old Dominion 60 da 58, Howard ne ya saka ƙwallon ƙarshe daidai lokacin da agogo ke cika. Na biyu suka fitar da Pittsburgh, ɗaya daga manyan ƙungiyoyi huɗu na gasar, da 71 da 70, Mack ya ci maki 30. Suka ci Wisconsin. Suka ci Florida 74 da 71 bayan ƙarin lokaci. Kuma wannan shi ne zuwansu na biyu a jere wasan ƙarshe, bayan Duke ta kayar da su 61 da 59 a 2010. Ƙungiyar da aka karya wa zuciya haka, gwaninta Gordon Hayward ya tafi NBA, ta sake tattaro kanta ta dawo bayan shekara guda, ita ce za a ce tana da faɗuwar gaba? Yo matsoraci ai daina jifa yake, ya riƙa tura wa wani ƙwallo don kada a ga kuskurensa. Howard ya ga goma sun zube, ya ɗaga hannu ya sake jefawa.

Akwai kuma wani abu da ke sa zagin nan ya fi ɗaci. Yaran ɗalibai ne kamar mu, masu shekara 18 zuwa 22 ko kusa da haka, kuma a wancan lokaci dokar hukumar NCAA ta hana su karɓar albashi ko yin talla da sunansu. Sai a 2021 aka sassauta batun tallar. Ita kuwa hukumar, a 2010 ta sayar wa CBS da Turner haƙƙin nuna gasar a talabijin na shekara 14 a kan dalar Amurka miliyar 10 da miliyan 800. Masu karɓar albashi don yin magana a kan wasan suka tashi suna ƙorafi wai an ba su wasa maras daɗin kallo. Su waɗanda suka zubar da gumin ba a biya su ba, aka kuma haɗa musu da gori.

Sai rukuni na uku, dattawan bakin fili, waɗanda maganinsu ɗaya ne ga kowace cuta: "ku daina jifar nesa, ku matsa kusa da kwando." Wani lokaci suna da gaskiya. A daren nan dai, da Butler ta bi shawararsu da ko 41 ɗin ba ta samu ba. Jifar nesa 33 ta kawo maki 27, ta kusa 31 ta kawo 6. Shawarar da ba ta dubi takarda ba, ko da furfura ta zo da ita, caca ce. Mai horar da Butler a ranar, Brad Stevens, yana da shekara 34. Ya koma ƙungiyar Boston Celtics a 2013, daga baya ya zama mai zaɓo mata ƴan wasa, kuma ƙungiyar da ya haɗa ta ɗauki kofin NBA a 2024 tana kan gaba wajen yawan jifar nesa. Mutumin da ya tsaya a bakin fili ya ga 12 cikin 64 bai fita da tsoron jifa ba.

Kada a fahimce ni a karkace, ban ce babu sa'a a wasa ba. Akwai ta, kuma tarihin Butler ɗin ma ya nuna inda take zama. A wasan ƙarshe na 2010, daƙiƙu na ƙarewa, Hayward ya wurga ƙwallo daga tsakiyar fili, ta bugi allo, ta bugi bakin kwando, ta faɗo waje. Da ta karkata kaɗan da kofi ya tafi Indiyana. A nan in ka ce sa'a, ba mai musa maka. Jifa ɗaya tana iya zama sa'a, biyar ma haka. A cikin 28 ɗin da suka zube kusa da kwando a 2011, tabbas akwai waɗanda suka lashi ƙarfe suka fito. Amma sa'a ba ta zaɓen wuri. In ka ga kuskure ya taru a gefe guda na fili, daidai inda dogayen abokan karawa ke tsaye, to ka san akwai dalili. Yarda da ƙaddara ba ta taɓa hana manomi duba ko tsutsa ce ta ci hatsinsa ba.

Me ya kai mu ga wasan da aka buga a wata nahiya shekaru da suka wuce? Jimlar ce ta kai mu, don tana zaune a cikinmu. Ku saurari yadda muke magana in sakamako ya fito: "jarabawa ta kada ni", "bak ta ƙi ni", "lissafi ba ya shiga kaina". Kullum abin ne aikau, mu kuwa karɓau, kamar waɗanda mota ta buge suna tafiya a gefen hanya. Wani lokaci da gaske an zalunci ɗalibi, ko yajin aiki ya cinye rabin shekara, kuma wannan ma yana da suna da mai aikatawa, sai a faɗe shi ƙarara. Abin da jimlar "ta ƙi" ke yi shi ne ta lulluɓe duka biyun, naka sakacin da laifin wanda ya cuce ka, ta yadda ba za ka gyara naka ba, ba kuma za ka tuhumi nasa ba.

Ga abin da nake nema daga ƴan'uwa masu buga ƙwallon kwando a jami'o'inmu da lise-lisenmu, da masu zuwa kallo. Ba ya buƙatar kwamfuta ko kuɗi. A wasa na gaba, mutum ɗaya daga waɗanda ke zaune a benci ya ɗauki fallen takarda da biro, ya zana rabin fili. Duk jifar da aka yi ya sa alama a daidai wurin da aka yi ta: da'ira in ta shiga, gicciye in ta zube. Ya ja layi ƙarƙashin alamar in akwai hannun abokin karawa a fuskar mai jifa. Ya raba takardar biyu, kafin hutu da bayan hutu. In an tashi an sha kashi, kada kowa ya buɗe baki sai an shimfiɗa takardar an duba. In giciyen sun taru kusa da kwando, ku koyi yaudarar mai tarewa da fitar da ƙwallo waje. In sun taru bayan hutu, ƙafa ce ta gaji, ku koma gudu da asuba. In kuwa jifar ta fito daga wurare masu kyau, babu hannu a fuska, kuma ta zube, to ranar ce kaɗai kuke da izinin cewa ba sa'a, ku kuma ci gaba da jefa irinta ba tare da kun canza komi ba.

Wanda kuma ya zo muku da "ba ku da zuciya", ku miƙa mishi takardar da biro, ku ce ya nuna muku a wane gicciye ya gani.