Sauyin mallakar gidajen talabijin a Jihar Zamfara

Sauyin mallakar gidajen talabijin a Jihar Zamfara ya shafi yadda tashoshin da ake kallo a jihar suka riƙa sauya hannu tsakanin gwamnatin yanki, gwamnatin jiha, gwamnatin tarayya da 'yan kasuwa, tun daga shekarar 1962 zuwa yau. A ƙananan hukumomin Maradun, Bakura da Talata Mafara, kamar sauran sassan jihar, mafi yawan waɗannan sauye-sauye dokar soja ce ko ƙirƙirar sabuwar jiha ta kawo su, ba cinikin kamfanoni ba. Batun ya ja hankalin ƙasa a watan Oktoban 2022, lokacin da gwamnatin jihar ta ba da umarnin rufe wasu kafafen yaɗa labarai a Gusau, cikinsu har da tashar talabijin ta gwamnatin tarayya.

Ma'anar ƙawance da mallaka

A ƙasashe irin su Amurka, ƙaramar tashar talabijin ta gari tana da mai ita, sannan takan ƙulla yarjejeniya da babbar cibiya kamar ABC, CBS, NBC ko Fox domin ta riƙa nuna shirye-shiryenta. Tashar na iya barin wata cibiya ta koma wata. Haka ya faru a 1994, lokacin da kamfanin New World ya amince ya mayar da tashoshinsa ƙarƙashin Fox, lamarin da ya jawo musayar ƙawance a birane da dama.

Tsarin Najeriya ya bambanta. Babbar cibiyar talabijin ta ƙasa, wato NTA, ita ce ke da tashoshinta na jihohi, kuma dukkansu suna haɗuwa da hedikwata domin labaran ƙarfe tara na dare. Saboda haka tashar NTA ta Gusau ba ta da damar sauya sheƙa zuwa wata cibiya. Inda ake ganin ƙawance irin na yarjejeniya shi ne tsakanin tashoshin jihohi ko na 'yan kasuwa da kafafen ƙetare, da kuma tsakanin tashoshi da kamfanonin da ke ɗaukar su a tauraron ɗan'adam.

Tarihi

Talabijin ta fara a Najeriya a Ibadan a watan Oktoban 1959. Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Firimiya Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta buɗe tata a Kaduna a 1962, da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI. A wancan lokaci yankin Maradun yana cikin Lardin Sakkwato, nesa da inda hoton tashar yake kaiwa, kuma rediyo ce ke kai wa jama'arsa labari.

Bayan an raba ƙasar zuwa jihohi 12 a 1967, yankin ya faɗa cikin Jihar Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato, wadda ta kafa tata tashar a tsakiyar shekarun 1970. Mallakar jihar ba ta daɗe ba. Dokar soja mai lamba 24 ta 1977 ta kafa hukumar talabijin ta ƙasa, ta kuma karɓe dukkan tashoshin yankuna da na jihohi. Tashar Kaduna da ta Sakkwato suka zama rassan cibiya ɗaya da ake gudanarwa daga Legas. Wannan shi ne sauyin mallaka mafi girma a tarihin talabijin na ƙasar, kuma sa hannun gwamnatin soja kawai ya isa ya tabbatar da shi.

Tsarin mulkin 1979 ya mayar wa jihohi damar kafa nasu gidajen. Jihohin da ke hannun jam'iyyun adawa ne suka fi hanzari, domin suna ganin NTA ta karkata ga jam'iyyar NPN mai mulkin tarayya. A Kano, gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV 67, wadda daga baya aka sauya mata suna zuwa ARTV domin tunawa da shi. A 1992 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fitar da doka mai lamba 38, wadda ta kafa Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC, ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Daga nan aka samu DITV a Kaduna, da Channels da AIT a Legas.

An cire Zamfara daga Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoban 1996. Rediyon Rima da tashar NTA ta Sakkwato suka zauna a tsohuwar jihar, ya zama dole Gusau ta gina nata. Jihar ta kafa gidan rediyonta, NTA ta buɗe tasha a Gusau, Rediyon Najeriya ya kafa Pride FM, daga baya kuma tashoshin masu zaman kansu suka biyo.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ce gwamnatin tarayya, gwamnatin jiha, ko wanda shugaban ƙasa ya amince masa ne kaɗai za su iya mallakar gidan rediyo ko talabijin. Hukumar NBC ce ke karɓar takardun neman lasisi, ta duba su, ta miƙa wa shugaban ƙasa. Ita ce kuma ke ladabtar da tashar da ta karya ƙa'ida. Dokar hukumar ta hana bai wa jam'iyyar siyasa ko ƙungiyar addini lasisi, amma ba ta hana ɗan siyasa kafa kamfani ya nema ba. Wannan ne ya sa a jihohi da yawa masu kallo kan danganta tasha da wani ɓangaren siyasa, ko da takardunta na nuna sunan kamfani ne.

Lasisi ma ba na dindindin ba ne. Ranar 19 ga Agustan 2022 hukumar ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin kuɗin sabuntawa da ya kai kusan naira biliyan 2.6. Cikinsu akwai AIT, Silverbird da gidajen gwamnatocin jihohi da dama. Daga baya hukumar ta dakatar da matakin, amma ya nuna cewa ko tashar gwamnatin jiha tana aiki ne da izinin tarayya.

Rufe tashoshi a 2022

Ranar 15 ga Oktoban 2022 gwamnatin Zamfara ta sanar da rufe wasu kafafe a Gusau, waɗanda suka haɗa da NTA, Pride FM, Gamji TV da Al'umma TV. Kwamishinan yaɗa labarai na lokacin, Ibrahim Dosara, shi ne ya fitar da sanarwar. Dalilin da gwamnati ta bayar shi ne cewa kafafen sun ɗauki taron jam'iyyar PDP, alhali an dakatar da tarukan siyasa a jihar saboda matsalar tsaro. Gwamnan jihar a lokacin, Bello Matawalle, ɗan asalin Maradun ne, kuma ya wakilci mazaɓar Bakura da Maradun a Majalisar Wakilai kafin ya hau mulki a 2019 a jam'iyyar PDP, sannan ya koma APC a 2021. Ɗan takarar PDP da ake taron dominsa shi ne Dauda Lawal.

Hukumar NBC ta ce gwamnatin jiha ba ta da hurumin rufe tashar da ke da lasisi, ta kuma nemi a janye umarnin. Ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa da ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin su ma sun yi tir da matakin. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin ta janye umarnin tare da neman afuwa, tashoshin suka koma aiki. Dauda Lawal ya ci zaɓen gwamna na watan Maris 2023.

Lamarin ya fito da abubuwa biyu. Na farko, biyu daga cikin kafafen da aka rufe na gwamnatin tarayya ne, a lokacin da jam'iyya ɗaya ke mulki a Abuja da Gusau. Wato mallakar tarayya ta bai wa ma'aikatansu a jihar wani ɗan sarari da tashar gwamnatin jiha ba kasafai take samu ba. Na biyu, ikon ba da lasisi yana Abuja, amma ginin tashar, ma'aikatanta da kuɗin tallarta suna cikin jihar. A jihar da manyan kamfanoni ba su da yawa, gwamnati da 'yan siyasa ne manyan masu sayen lokacin tasha, don haka ana iya matsa wa tasha lamba ba tare da an rufe ƙofarta ba.

Tauraron ɗan'adam da kafafen ƙetare

Gidaje da shagunan kallo da yawa a yammacin Zamfara sun dogara ne ga faranti da dikoda. A 2010 NTA ta haɗa gwiwa da kamfanin StarTimes na ƙasar Sin domin sayar da talabijin ta biyan kuɗi. A 2014 aka buɗe Arewa24, tashar Hausa da ke aiki dare da rana, wadda ta fara da tallafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, daga baya ta koma hannun kamfani mai dogaro da talla. Shirin gwamnatin tarayya na komawa tsarin dijital ya fara a Jos a watan Afrilun 2016, ya isa Kaduna a 2017, sannan Kano a 2021. A tsarin, tasha na shirya shirye-shirye ne kawai, wani kamfani daban ke watsa su, wanda hakan ya ƙara wani hannu tsakanin tashar da mai kallo.

Ƙawance da kafafen ƙetare ma yana iya yankewa ba zato. Tashoshin arewa da dama sun riƙa nuna shirin Taskar VOA na sashen Hausa na Muryar Amurka. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan gidan a watan Maris 2025, abokan hulɗarsa sun rasa shirye-shiryen da suke cike lokaci da su. A Jamhuriyar Nijar mai maƙwabtaka da Zamfara, hukumomin soja sun dakatar da RFI da France 24 a watan Agustan 2023, sannan BBC a watan Disambar 2024.

Tasiri ga Maradun, Bakura da Talata Mafara

Waɗannan ƙananan hukumomi uku sun fitar da uku daga cikin gwamnonin jihar: Ahmad Sani Yariman Bakura, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara da Bello Matawalle na Maradun. Duk da wannan nauyi na siyasa, tashoshin da ke ɗaukar labarin yankin suna Gusau ne ko wajen jihar. Tashoshin tauraron ɗan'adam sun kawo fina-finai da shirye-shirye masu yawa da Hausa, sai dai ba safai suke bin diddigin abin da ya shafi manomin da ke noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Bakolori, ko matafiyin da ke son sanin halin da hanya take ciki ba.

Muhimmancin tashar gida ya bayyana a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan wayar salula a faɗin jihar domin yaƙi da 'yan bindiga. Da waya da intanet suka ɗauke, rediyo da talabijin ne suka rage wa jama'a. A irin wannan hali, idan tashoshi kaɗan ne ke akwai, kuma gwamnati ko ɓangaren siyasa ɗaya ke da iko da su, abin da suka zaɓi faɗa shi ne abin da jama'a za su ji. Dokar ƙasa ta bar hukuncin buɗe tasha ko rufe ta a hannun hukumar NBC da shugaban ƙasa, kuma wannan tanadi ne ya mayar da tashoshin Gusau bakin aiki a 2022.