Kada Mu Jira Sai Tumbi Ya Huje

'Yan'uwa manoma, lokacin huɗa da noman firi da yawa daga cikinmu a Sabon Birni da Isa mukan sayi ƙwayar ciwon jiki a kemis ko a tiren mai talla, mu haɗiya da asuba, ko koko babu a ciki, mu nufi gona. Ƙwayoyin nan, irin su diclofenac da ibuprofen da asfirin, suna rage ciwon baya, gaskiya ne, amma suna cin bangon tumbi. Akwai kuma wata ƙwayar cuta wadda likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982. Ita ce ke kawo yawancin gyambon ciki, kuma maganin kamar mako biyu yana kashe ta. Kanwa kuwa zafin kawai take kwantarwa.

Yanzu likitoci suna da wani siririn bututu mai fitila da kyamara. Ana zura shi ta baki har cikin tumbi, a ga gyambon, a tsayar da jini in yana zuba. In an sami ƙaramar huda sabuwa, ana iya matse ta da ɗan ƙarfe. In maƙoshi ne ya tsage, ko ɗinki ya saki bayan fiɗa, akan sa wani bututu ya rufe wurin, ko soso mai zuƙe ruwa, har nama ya haɗu. Ba yanka.

To, amma wannan aikin manyan asibitoci ne. Kuma gyambon da ya fashe, abinci ya malale cikin ciki, yawanci sai fiɗa. Alamarsa ita ce ciwo mai tsanani farat ɗaya, ciki ya ƙandare kamar katako. Kada a ba shi fura, kada a ba shi jiƙo. A nemi mota. Kowace awa da aka ɓata tana ƙara hatsari, ga Sakkwato da nisa, ga hanyarmu ba ta bin dare saboda 'yan bindiga.

Don haka ra'ayinmu shi ne, kowace ƙungiya ta ware asusun kuɗin mota daga geron bana, kamar yadda muke ware na taki. Mai amai da jini, ko mai baƙin bayan gida kamar kwalta, a kai shi asibiti a ranar. Wanda ya daɗe yana fama da zafin ciki kuwa, ya je babban asibiti tun yana iya hawa mota da kansa; in likita ya ga dama, ya tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ma'ajin ƙungiya ya riƙe lambar direba biyu, ba ɗaya ba.