Tunkiyar Jafan ta shiga littafi, garuruwanmu da ruwa ya ci fa?

Idan kana leƙa Instagram ko TikTok, ba ka rasa ganin hoton littafi mai kaurin bango an jera shi kusa da kofin shayi. Cikin waɗanda ake yayi akwai na Haruki Murakami, marubucin ƙasar Jafan. A 1982 ya fitar da wani labarin bincike mai kama da mafarki: an tilasta wa wani mutum nemo tunkiya mai alamar tauraro a gadon baya, har neman ya kai shi duwatsun Hokkaido. Tunkiya fa! Amma yau littattafan mutumin nan ana sake buga su da bango na alfarma, masu kuɗi na saye suna adanawa.

Ban hana ka sha'awar littafin ba, ka nema ka karanta. Tambayata ita ce: kai ɗan Yauri, ke 'yar Ngaski ko Shanga, me Hokkaido ta fi mu da shi?

A 1806 Bature Mungo Park ya wuce ta Yauri a jirgin ruwa, ya halaka a Busa. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo har fadar Sarkin Yauri suna cigiyar takardunsa, suka koma ba su samu kundin tafiyarsa ba. Ina ya shiga? Wurin da ya mutu ma yanzu yana ƙarƙashin tafkin Kainji, domin da aka kammala madatsar a 1968 ruwa ya shanye tsohuwar Busa da tsibirai da ƙauyuka, aka tashi mutum fiye da dubu 40. Gungawa da yawa sun bar gidaje da kaburburan iyayensu a can ƙasa. Masunci na jefa taru a saman garin kakansa. Wane mafarki ne ya wuce wannan?

Za ka ce ai buga littafi sai mai hali. Gaskiya ne, takarda ta yi tsada. To amma littattafan soyayyar da muke kwana karantawa a WhatsApp, da waya aka rubuta su. Bango daga baya yake zuwa.

Abin da ba zai jira mu ba shi ne tsofaffi. Wanda yake da shekara 15 lokacin tashin, yau ya haura 70. Duk wanda aka binne cikinsu, da sunan wani gungu da hanyar wata kasuwa ake binne shi.

Don haka a makon nan, rage datar da kake ƙonawa a kan rigimar 'yan fim. Je ka gaida kaka, ka kunna rikoda, ka tambaye ta ranar da ruwa ya iso ƙofar gida: me suka ɗauka, me suka bari, wa ya ƙi tashi. Daga nan ka ƙirƙiro mai bincikenka, ka sa shi a kwalekwale daga Yelwa. Idan ka yi sanya, wani baƙo zai zo ya rubuta, mu kuma mu saya da dala.