Da me za mu auna mai bincike: yawan takardu ko ran da ya ceta?

Duk uwar da ta taɓa kai ɗanta gidan likita saboda tamowa, a Maraɗi ko Mirriya ko Madawa, ta san ƴar ledar nan ta Plumpy'Nut. Amma kaɗan ne cikinmu suka san sunan André Briend, likitan ƙasar Faransa na cibiyar bincike ta IRD, wanda ya haɗa wannan abinci tare da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset. Ya kamata mu dubi abin da mutumin nan ya rubuta, don akwai darasi ciki ga jami'o'inmu.

Rubuce-rubucensa cikin mujallun likitanci sun haura ɗari, amma uku ne suka fi shafarmu. A 1987, cikin mujallar Lancet ta Ingila, shi da abokan aikinsa sun nuna cewa a karkarar Bangaladash awon kaurin damtsen yaro yana nuna wanda ke cikin haɗarin mutuwa. A 1999, cikin wannan mujalla dai, ya fitar da wani gajeren rubutu da bai wuce shafi biyu ba, bisa abincin da aka haɗa da markaɗaɗɗiyar gujiya, madarar gari, sukari, mai da sinadaran gina jiki. A 2003 kuma, wani gwaji da aka yi a Dakar ya nuna yaran da suka ci abincin sun fi saurin ƙara nauyi bisa waɗanda aka ba madarar F-100.

Mine ne sirrin? Madarar F-100 sai an dama ta da ruwa mai tsabta, kuma ba ta jimawa take lalacewa, shi ya sa dole a kwantar da yaro da uwarsa asibiti har makwanni, ga gona ga sauran ƴaƴa an baro gida. Shi ko wannan abinci ba ruwa cikinsa, ƙwayoyin cuta ba su samun wurin yaɗuwa, uwa na iya ba ɗanta a ɗakinta. Leda guda giram 92 ce, tana ɗauke da kalori 500.

Mu muka zama shaida. A 2005, shekara guda bayan fari da fara sun haɗu mana, lokacin da shugaba Tanja Mamadu ke musanta cewa akwai yunwa, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60.000 a Nijar, galibinsu a gida, kuma mafi yawa a jahar Maraɗi. A 2007 hukumomin OMS, PAM da UNICEF suka amince da wannan hanya ga duniya baki ɗaya. A 2015 kuma, wani binciken da aka yi a Mirriya, wanda Briend na cikin marubutansa, ya nuna uwaye da kansu na iya auna damtsen ƴaƴansu da ƴar igiyar awo mai launi, su gane tamowa kamar yadda ma'aikacin lafiya zai gane ta.

To, ina darasin? A nan gida, malamin jami'a ba ya samun ƙarin girma sai hukumar CAMES ta Wagadugu ta duba takardun da ya wallafa. Ba mu ce wannan laifi ne ba, don binciken da ba a rubuta ba ya bi ruwa. Sai dai in lissafi ya zama shi ne komai, mai bincike zai bi abin da ke saurin shiga mujalla, ya bar abin da ke kashe yaran ƙauye. Shafi biyu na 1999 sun fi tarin kundaye nauyi.

Na biyu, yaranmu aka auna, uwayenmu suka yi aikin, amma galibi sunayen da ke gaba a irin waɗannan rubuce-rubuce na baƙi ne, don su ke riƙe da kuɗin. Muna da jami'ar Abdu Mumuni, muna da cibiyar CERMES a Yamai, muna da likitoci. Abin da ya rage shi ne gwamnati ta sa nata kuɗi, tambayar da za a bincika ta zama tamu.

Kuma tambayar tana nan tana jira: leda tana warkar da yaro, amma ba ta hana ƙanensa kamuwa baɗi. Wanda duk ya amsa wannan daga cikin ƴaƴan ƙasa, ko da shafi guda ne, shi ya cancanci girma. Allah shi ba mu shi.