Marka ta Kama: Abin da Jahun Za ta Ɗauka daga Indiya da Abin da Za ta Bar Musu

Idan marka ta kama a watan Agusta, ƙasar Jahun da ke jihar Jigawa takan yi shar. Gero ya miƙe, gyaɗa ta rufe kunya, fadama ta cika. Amma a cikin gida lissafin daban ne: hatsin bara ya kusa ƙarewa a rumbu, na bana bai nuna ba, kwano ya yi tsada a kasuwa, sauro kuma yana ƙyanƙyasa a kowane kududdufi. A wannan tsakanin ne zazzaɓi da gudawa ke kwantar da yara, daidai lokacin da iyayensu ba su da sukunin barin gona.

Mutanen Indiya sun daɗe da tsara wa damina nata dokoki. Tsohon ilimin maganinsu, Ayurbeda, ya raba shekara gida shida, kowane yanayi da cimarsa. Daminarsu takan faɗo daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Satumba, kusan tare da markar ƙasar Hausa. Littafinsu Caraka Samhita, wanda ya haura shekara 1,500, yana ganin ciki ba ya da ƙarfin narkar da abinci a wannan lokaci. Don haka ya yi umarni da cin tsohon hatsi da shan romo, a tafasa ruwa kafin a sha, a kuma ƙaurace wa ruwan kogi. Har yau a jihar Kerala akan dama kunun shinkafa mai kayan ƙamshi a watan da ruwa ya fi tsanani.

Rabin wannan tsari yana nan a madafin Jahun tun kaka da kakanni. Kunun tsamiya da kunun kanwa masu zafi, da citta da kanumfari da masoro a cikin yaji, duk abinci ne da ya dace da safiyar da aka kwana ana yayyafi. Ita kanta darbejiya da ke ƙofar gidaje ’yar asalin Indiya ce, a zamanin Turawa aka kawo ta Arewa.

Sai dai akwai shawarar da ya kamata a bar wa masu ita. Malaman Ayurbeda da yawa suna cewa a rage cin ganye da damina. Wanda ya kawo wannan magana Jahun ya cuci talaka. Zogale, rama, tafasa, yakuwa, lalo da alayyafo su ne ke riƙe gida kafin kaka ta shigo. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ko dambu mai ganye da yawa, yana ba mai juna biyu sinadaran gina jiki da na ƙarin jini waɗanda tuwo zalla ba zai ba ta ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da ƙungiyar likitocin MSF take kula da masu haihuwa da masu yoyon fitsari a Babban Asibitinsa tun 2008. Ganyen ma ai dafa shi ake yi. Inda haɗarin yake shi ne ɗanyen tumatir da albasar da ake yankawa a kai, da hannun da ya cakuɗa kwaɗon, da ruwan da aka wanke kwanon.

Ruwan sha ne babbar magana, kuma a nan tsofaffin Indiya sun faɗi gaskiya. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,500, kuma Jigawa na cikin jihohi huɗu da suka fi shan wahala, tare da Bauchi, Kano da Zamfara. A Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta daina bahaya a fili, abin alfahari ne. Amma a daminar 2022 ɗin ambaliya ta ci garuruwa da dama a jihar, kuma idan ruwa ya rufta masai, rijiyar da ba ta da murfi ce ke karɓar ƙazantar. Daga rijiya sai randa, daga randa sai furar da aka kai wa manomi gona.

Za a ce tafasa ruwa sai da itace, itacen marka kuwa jiƙaƙƙe ne kuma da tsada. Haka ne. Shi ya sa maganin kulorin na tsaftace ruwa ya kamata ya isa kowace unguwa kafin ruwa ya sauka. Ya kamata kuma kowace uwa ta haddace haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Gargajiya kuma tana da iyaka. Suracen ganyen darbejiya ba ya kashe ƙwayar maleriya a jinin yaro. Jikin da ya yi zafi gwaji yake nema a ranar. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar raba maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata da damina ga yara daga wata 3 zuwa 59, kuma ana bi gida-gida da shi a Jigawa. Uwar da ta ba da na ranar farko ta ajiye na kwana biyun da suka rage ta tauye wa ɗanta kariya. Su kuma ƙwayoyi masu tambarin Indiya da ake tallatawa, a yi hattara: wani bincike da aka wallafa a 2004 ya gano dalma ko wasu ƙarafa masu guba a cikin ɗaya daga kowane biyar na magungunan Ayurbeda da aka saya a shagunan birnin Boston na Amurka.

Indiya ta kafa ma’aikata sukutum don magungunan gargajiya a 2014. Jahun ba ta buƙatar haka. Ƙaramar hukuma da hakimi da limamai da ma’aikatan lafiya su zauna tun watan Mayu su tsara abin da za a faɗa a huɗuba, a gidan suna da ranar kasuwa: a rufe rijiya, a tsaftace ruwan fura, a ci ganye, a kwana a gidan sauro, a kai mai zazzaɓi gwaji.