FILIN ILIMI: Makaranta a cikin salula

Kaka ta yi, wake ya shiga gida. Yanzu aikin da ya rage shi ne ajiya. Kowane manomi ya san halin ƙwaro: wata ukku ko huɗu, sai buhu ya koma ramuka da gari. Yaro kan tambayi ubansa: "Baba, ta ina ƙwaron nan ya shiga, ga buhu a ɗaure?" Sau da yawa uba ba ya da amsa.

Amsar tana nan cikin salula. Da intanet, mutum yana iya samun darussan kimiyya kyauta, shi da iyalinshi. Kimiyya ba wani abin tsoro ba ce. Ita ce neman dalilin abubuwa, da gwada su har a ga gaskiya da ido.

A shekara ta 2011, malaman wata jami'a ta Amurka sun kafa wani shiri mai suna SAWBO. Suna yin gajeren majigi na zane, na ƴan mintoci, cikin harsuna masu yawa, har da Hausa. Akwai na ajiyar wake, akwai na yin maganin ƙwari da ƴaƴan dogon yaro. Wanda bai ƙware da karatu ba ma zai gane, don ido na gani, kunne na ji.

Ga sirrin ƙwaron wake. Tun daga gona yake biyo wake. Macen tana yin ƙwai bisa ƙwaya. Tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta huda ta shiga ciki tana ci. Cikin kamar wata guda ta zama ƙwaro, ta fito, ita ma ta yi nata ƙwan. Amma ƙwaro yana numfashi kamar kowace halitta. In an hana shi iska, sai ya bar ci, ya mutu. Dalilin buhu mai riɓi ukku ke nan, wanda ake kira PICS: leda biyu a ciki, buhu a waje, kowane da nashi ɗauri. An fara baza shi a 2007, kuma masu binciken INRAN na Maradi suna cikin waɗanda suka yi aikin.

Kallo kaɗai bai isa ba. Bayan majigi, sai maigida ya sa yara su gwada. A samo kwalba biyu da busasshen wake mai ɗan ƙwaro. A cika ta farko har baki, a toshe ta sosai. Ta biyu a rufe bakinta da ƙyalle kawai. A rubuta ranar a takarda. Kar a buɗe. Bayan wata biyu, a zube waken bisa tabarma, yara su ƙidaya ƙwayoyi masu rami a kowane gefe. Yaron da ya ƙidaya da hannunshi ba ya mantawa. Uwar gida ma ta san inda za ta sa waken iri.

Ƴan lakwal kuma suna da nasu. Khan Academy, wadda aka kafa a 2008, tana da darussan lissafi da kimiyya cikin Faransanci, ba a biyan ko dala. Wikipedia tana da rubutu cikin Hausa. Wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci zai iya motsa karatunshi a can.

Sai dai a kula da abu ukku. Na ɗaya, intanet yana cin kuɗi. Gara mutum guda ya sauke majigin ran kasuwa, inda layi ke da ƙarfi, ya tura wa sauran ta Bluetooth. Na biyu, kar a bar wa yaro salula shi kaɗai da dare; a zauna tare. Na ukku, ba duk abin da ke ciki ba ne gaskiya. Zancen maganin mutum ko na bisa, a tambayi likita tukuna. Na gona, a tambayi malamin gona.

Yaro ya iya boko, uba ya san ƙasa, uwa ta san rumbu. In sun haɗa kai bisa darasi guda, wake zai kai bazara lafiya, lokacin da yake da daraja a kasuwa.